Ƙarin abinci ga dabbobin da ke kiwo a daji: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin masu shanu da tumaki da awaki a ƙasar Hausa da kewayenta, musamman daga watan Janairu, lokacin da ciyawa ta bushe ƙamas, haƙarƙarin shanu ya fara bayyana. Maganar ta shafi dabbar da ke fita daji ta nemi abincinta da kanta, ko da yake ragon layya ma zai shigo can ƙasa. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa awo da haɗi.

Dabba tana wuni a daji tana kiwo, me ya sa sai an ƙara mata wani abu?

Saboda cikar ciki daban, ƙoshi daban. A farkon damina, gamba da kyasuwa da harkiya suna ɗanyu, furotin ɗin da ke cikinsu yakan wuce kashi 10 cikin ɗari. Da zarar sun fitar da kai sun zuba iri sai amfaninsu ya fara sauka, kafin hunturu ya ƙare abin da ke tsaye a daji bai wuce kashi 2 zuwa 4 ba. Rana ta ƙone shi, iska ta kakkaɓe ganyen, saura tsinke.

Ita kuwa saniya ba da kanta take narkar da ciyawa ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke farfasa ciyawar, ita kuma ta ci moriyar aikinsu. Halittun nan ba sa aiki sosai sai furotin ɗin abincin ya kai kamar kashi 7 cikin ɗari. In ya gaza haka sai su yi sanyi, ciyawa ta daɗe kwance a tumbi, saniya ta rage ci alhali ga ciyawa a gabanta. Dubi kashinta a watan Maris: ya bushe, ya yi tauri, ya tsaya hawa-hawa maimakon ya baje a ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka tumbin ba ya juyawa yadda ya kamata.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi. Naman da ta tara da damina ta zubar da shi da rani, baɗi ta sake daga farko. Binciken da cibiyar binciken dabbobi ta ILCA ta yi a garkunan Bunaji na kudancin Kaduna a shekarun 1980 ya nuna karsana kan kai kusan shekara biyar kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma kusan shekara biyu. Yunwar rani na daga cikin manyan dalilan wannan jinkiri.

Ke nan idan na saya musu ƙari, ba sai na damu da ciyawa ba?

Sam. Ciyawa ita ce tuwo, ƙari miya ne. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kamar kilo 6 a rana, ƙarin da ake magana a kai kuwa bai wuce kilo ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Aikinsa shi ne ya tayar da halittun tumbi su iya narkar da busasshiyar ciyawa, har ma za ka ga dabbar ta ƙara ci. Saboda haka wanda ya fara ba da ƙari ya sa ran karansa zai ƙare da wuri fiye da da, kuma alheri ne.

Idan daji ya zama fako, ko gobara ta cinye shi, matsalar ta sauya. Nan ba ƙari ake nema ba, abin cika tumbi ake nema: karan dawa, karan gero, ingirici, karan shinkafa, ko a tashi zuwa inda ciyawa take, ko a sayar da wasu a ciyar da sauran. Bulon lasa mai takin yuriya a irin wannan hali ba taimako ba ne, haɗari ne, kamar yadda aka bayyana a amsar da ke kan yuriya.

Tun kaka da kakanni kanwa muke ba su. Ba ta isa ba?

Kakanninmu ba su yi kuskure ba. Ciyawar yankinmu ba ta da isasshen sodiyam, shi ne kuma abin da kanwa da gishiri suka fi ƙunsa. Shi ya sa fatake suka daɗe suna kawo kantu daga Bilma, da kanwa daga ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi, da gishirin Foga. Shi ya sa har yau, a wajen watan Satumba, Abzinawa da Bororo ke kora garkunansu zuwa yankin Ingal da Tegidda a Nijar, domin dabbobi su sha ruwa mai gishiri su lashi ƙasar wurin. Dabbar da ta samu kanwa tana ƙara ci da sha, gashinta ya kwanta.

Sai dai kanwa, ja ce ko fara ko ungurnu, ba ta da furotin ko kaɗan, kuma fosfaras ɗin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Waɗannan biyun kuwa su ne suka fi ƙaranci a dajinmu. In ta yi yawa tana sa zawo, wanda wasu ke ɗauka wankin ciki ne. Ba ta maye maganin tsutsa. Ka ci gaba da ba da ita daidai misali, amma kada ka ce ka gama.

Gishiri nawa dabba take buƙata?

Babbar saniya giram 30 zuwa 50 a rana, wato cokalin cin abinci biyu zuwa uku. Tunkiya ko akuya giram 5 zuwa 10. Ya fi kyau a ajiye shi kullum a komi ko a rataye dutsen lasa, dabba ta lasa gwargwadon buƙatarta, da a tara a ba ta mai yawa sau ɗaya a wata. Wadda ta daɗe ba ta samu ba za ta yi masa cin haɗama, sai a fara mata da kaɗan-kaɗan. Kuma gishiri ba ya tafiya sai da ruwa: a zafin bazara saniya na iya shan lita 40 a rana. Inda ake shayar da garke sau ɗaya a kwana biyu, a ba da gishirin a ranar shan ruwa, kusa da mashaya.

Shanuna suna tauna ƙashi, suna cin leda da tsumma, suna lasar ƙasa. Me ke damunsu?

Jikinsu ne ke neman abin da ya rasa. Lasar ƙasa da fitsari da gumin 'yan'uwa yawanci ƙarancin gishiri ne. Tauna ƙashi kuwa alamar ƙarancin fosfaras ce, kuma ƙasar noma da ta kiwo a yawancin yankinmu ba ta da wadatarsa, abin da ƙasa ba ta da shi kuma ciyawa ba za ta samu ba. Wadda ta fi jin jiki ita ce saniyar tatsa, domin kowace litar madara tana fita da kusan giram ɗaya na fosfaras. In bai zo ta baki ba, jiki zai ciro shi daga ƙashinta. Sai ka ga tana tafiya a sandare, ta daɗe ba ta nemi bijimi ba, wani lokaci ƙafa ta karye a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Haɗarin bai tsaya nan ba. Ƙashin mushe da ya ruɓe a daji na iya ɗauke da wata guba mai shanye jiki: dabba ta kwanta ta kasa tashi, harshe ya zazzago, ta kasa haɗiya, ta mutu ba tare da zazzaɓi ba. Wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ne ya gano alaƙar wannan ciwo da tauna ƙashi a Afirka ta Kudu wajen shekarar 1920, inda ciwon ya daɗe yana ƙarar da shanu. Saboda haka mushe a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a bar shi a hanyar garke.

Leda kuma ba ta narkewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta ya ga an farke tumbi an ciro dunƙulen leda da igiya da ya cukurkuɗe ya san inda abincin dabbar ya rasa wurin zama. Ba da gishiri da fosfaras yana rage wannan kwaɗayi, amma wadda ta riga ta tara leda a ciki sai likita.

Ta yaya zan ba su fosfaras ɗin?

Hanya mafi sauƙi ita ce garin DCP da masu sayar da kayan haɗa abincin kaji ke da shi, wanda fosfaras ɗinsa ya kai kamar kashi 18 cikin ɗari. A haɗa shi da gishiri rabi da rabi, a zuba a komi a inuwa. Babbar saniya takan lashi giram 60 zuwa 80 na haɗin a rana. Wanda ba ya kusa da gari zai iya ƙone ƙashi har ya zama farin toka, ya daka, ya tankaɗe, ya haɗa da gishiri haka nan. Ɗanyen ƙashi ko wanda bai ƙone sosai ba kada a kusance shi. Dusa ma tana da fosfaras mai yawa, saboda haka saniyar da ke cin kilo guda na dusar alkama kullum ta samu kaso mai tsoka.

Takin gona irin NPK ko sufa ba na dabba ba ne. Yana iya ɗauke da sinadarin da ke lalata haƙori da ƙashi a hankali, sai bayan an yi nisa a gane.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: fosfaras ya fi nuna amfaninsa da damina. A lokacin ne dabba take girma, take ba da madara, furotin kuma ya wadata, sai fosfaras ya zama shi ne abin da ke riƙe ta. Da rani furotin ne ke kan gaba. Don haka komin lasa ba a ɗauke shi don ruwa ya sauka, rumfa ake yi masa.

Kuɗina kaɗan ne. Tsakanin dusa da kek ɗin angurya da harawa, wanne zan saya?

Tunda furotin ake nema, a auna kuɗi da furotin, ba da girman buhu ba. Tunkuzar gyaɗa takan kai kashi 45 cikin ɗari. Kek ɗin angurya, wato abin da ya rage bayan an matse mai, yakan kama daga kashi 22 zuwa sama, gwargwadon yawan ɓawon da ke ciki. Dusar alkama tana wajen 15, dusar masara wajen 10, harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye tana tsakanin 10 da 14. Kilo guda na kek yana ba da abin da sai an sa kamar kilo ɗaya da rabi ko fiye na dusar alkama kafin a samu. A yankin auduga kamar Funtua da Gusau da Gombe, sau da yawa shi ya fi araha in aka yi wannan lissafi. Ga saniyar tatsa, kilo ɗaya na kek a rana, ko rabin kilo da kilo ɗaya na dusa, yana kawo canjin da za a gani a ƙwarya.

Ni a ganina, wanda yake noma ya fara da harawarsa kafin ya tafi kasuwa. Amfaninta a ganye yake. A tuge ta tun ganyen bai zube ba, a naɗe da safe tana da laushi, a ɗora a rumfa a rufe. Harawar da ta yi wata uku a kan bishiya rana tana dukanta har ta koma fara, rabin kuɗinta ya tafi. Kowar wake ma kada a zubar.

Sai a kula da abu biyu. Angurya tana da wani sinadari da ke cutar da maruƙan da ba su fara tuƙa ba, kuma yawanta na rage ƙarfin haihuwar bijimi, don haka waɗannan a ba su dusa da harawa. Tunkuza ko kek ɗin da ya yi fumfuna kuma ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin gubarsa tana bi ta madara ta isa ga yaran gida.

Garken yana da yawa, ba zan iya ba kowa ba. Wa zan fifita?

Ba a so ma a ba kowa. Buhu guda da aka barbaɗa wa shanu talatin ba ya nuna komai a jikin ko ɗaya. A fara da saniyar da ke shayarwa, domin ranta da na ɗanta ne a kai, sai wadda ke cikin wata biyu zuwa uku na ƙarshen ciki, sai maruƙan da aka yaye a wannan rani. Shanun huɗa a fara ba su wata ɗaya da rabi ko biyu kafin ruwa ya sauka, kada ranar aiki ta zo su kasa jan garma. Bijimai da shanun da ba su da ciki ba sa tatsa za su iya jurewa da gishiri da kiwo.

A ware waɗanda za a ba, kowace da kwanonta. In aka zuba wuri ɗaya, mai ƙarfin ƙaho ce za ta cinye, ramammiyar da aka saya dominta tana gefe tana kallo. Tsohuwar da haƙoranta suka ƙare kuwa, sayar da ita da kaka tana da tozo ya fi a kashe mata buhu biyu ta mutu da bazara.

Yaushe zan fara, yaushe zan daina?

A fara tun dabba tana da jikinta, daga Disamba ko Janairu, bayan karmamin gonaki ya ƙare. Riƙe jiki ya fi sauƙi da araha a kan tayar da wadda ta riga ta kwanta. Sayen kaya kuma da kaka ake yi, lokacin da dami yake da sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane sabon abinci a shigo da shi a hankali cikin kwana bakwai zuwa goma, kuma kaɗan kullum ya fi mai yawa jefi-jefi.

Wurin dainawa ne aka fi yin asara. Ruwan farko yana ruɓar da busasshiyar ciyawa, sabuwa kuma ba ta kai a kama da baki ba, ga ta duk ruwa. Dabba ta wuni tana bin ɗanyen tsiro, ta gaji, ta kama zawo. Ramammun shanu da yawa a wannan tsakanin suke faɗuwa. A ci gaba da ƙari da ɗan busasshen abinci da safe har mako biyu zuwa uku bayan daji ya yi kore. A kuma tsare su daga gyauron dawa, domin ƙaramin tsironta yana da guba mai kisa nan take.

'Ya'yan gawo da ganyen itatuwa fa?

Gawo ni'ima ce. Yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, yana zubar da 'ya'ya masu furotin kamar kashi 10 zuwa 12 daidai lokacin da ake nema. In aka daka su, dabba ta fi cin moriyar ƙwayar da ke ciki, wadda in ba haka ba takan fita a kashi yadda ta shiga. 'Ya'yan kalgo ma ana daka su a haɗa da dusa. Na bagaruwa suna da ɗaci da bauri, kaɗan ake sawa. Ganyen kawo da maɗobiya da maɗaci kuwa yana ba da furotin da bitamin A tare. Roƙona ga masu sassabe shi ne a rage reshe a bar kan itacen, domin wanda aka aske tas shekara bayan shekara mutuwa yake yi, kuma a wurare da dama kawo da maɗobiya sun riga sun yi wuyar gani.

Da gaske ne ana ba dabba takin yuriya? Ba guba ba ce?

Da gaske ne, kuma guba ce in aka yi ganganci. Halittun tumbi suna iya ɗaukar yuriya su gina furotin da ita, shi ya sa giram 30 zuwa 50 a rana yake taimakon babbar saniya ta narkar da kara. Sharaɗin shi ne ta shiga a hankali, kaɗan-kaɗan cikin wuni. In ta shiga da yawa lokaci guda sai ta juye ta zama iskar da ke bin jini, ta kashe dabba cikin sa'a ɗaya ko biyu.

Shi ya sa ba a jiƙa ta a ruwan sha, ba a barbaɗa ta a dusa da ƙiyasin ido. Ana sa ta ne a bulo mai tauri da sai dai lasa. Ba a ba maraƙin da bai kai wata shida ba, ba a ba doki ko jaki ko kaji, ba a ba dabbar da ke jin yunwa ko wadda ta rame har ta kusa kwanciya, ba a kuma haɗa ta da ɗanyen waken suya. Wanda ba shi da sikeli, ko ba zai iya sa ido kullum ba, ya tsaya ga kek da harawa. Ba abin kunya ba ne.

Yaya ake haɗa bulon lasa mai yuriya?

Ga awon kilo 10: dusa kilo 6 da rabi, yuriya kilo 1, gishiri kilo 1, siminti kilo 1 da rabi, da ruwa lita 3 zuwa 4. Inda ake samun molas, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke fitowa daga masana'antar sukari irin ta Numan, sai a yi molas kilo 4, dusa 3 da rabi, yuriya 1, siminti 1, gishiri rabin kilo, da ruwa kaɗan na dama siminti. A fara narkar da yuriyar sarai har ba ƙwaya ko ɗaya, domin dunƙulenta guda a cikin bulo shi ne ke kisa. A dama siminti da gishiri daban, a haɗe, sannan a zuba dusa ana cuɗawa. A danna a bokiti ko kwano da ƙarfi, a kife, a shanya a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu. In ka danna da babban yatsa ya lotsa, bai yi ba.

Kwana huɗu na farko a ba su sa'a ɗaya kawai, da yamma bayan sun dawo kiwo ciki a cike. A riƙa ƙarawa har mako biyu. Babbar saniya kada ta wuce rabin kilo a rana, tunkiya ko akuya giram 100. In ka ga wata tana gatsa da haƙori, bulon ya yi taushi, a ɗauke. Ruwan sama kada ya taɓa shi, komin ma a huda ƙasansa, domin ruwan da ya taru a ƙarƙashin bulo shi ne yuriya tsagwaronta. In an yi kwanaki ba a ba su ba, a sake farawa daga sa'a ɗaya.

Idan yuriya ta yi wa dabba yawa, me zan gani, me zan yi?

Cikin minti 20 zuwa sa'a ɗaya za ta fara rashin natsuwa, yawu na dalala, jiki na rawa, tana tangaɗi, ciki ya kumbura, numfashi ya yi sauri. A janye bulon daga sauran nan take. A ɗura wa babbar saniya ruwan khal, wato binega, lita 2 zuwa 4, a bi da ruwa mai sanyi mai yawa. Tunkiya ko akuya rabin lita. A ɗura a hankali ta gefen baki, kuma in ta kasa haɗiya kada a tilasta, zai tafi huhu. A kira malamin dabbobi tun ana cikin yi. Khal ɗin nan a saye shi ranar da aka sayi yuriyar, ya zauna kusa da turke.

An ce ana jiƙa kara da yuriya. Daidai yake da bulo?

Daban ne, kuma ya fi sauƙin haɗari. Ana narkar da yuriya kilo 5 a ruwa lita 50, a yayyafa wa kilo 100 na karan shinkafa ko yankakken karan dawa, a tattake a rami ko ɗaki, a rufe ruf da leda ko laka har mako uku. Karan zai yi taushi ya koma ruwan ƙasa, furotin ɗinsa ya kusa ninkawa. Abin da za a ba su gobe a ciro shi yau ya sha iska warin ya fita. Dabbar da ke cin wannan ba a ƙara mata bulon yuriya.

Ni awaki da tumaki nake da su a gida, yara ke kai su kiwo. Dutsen lasar shanu zai yi musu?

Hajiya, ki duba jikin kwalin tukuna. Dutsen da aka yi don shanu sau da yawa ana ƙara masa sinadarin tagulla, wanda ake rubutawa da alamar Cu. Shanu da awaki suna ɗaukarsa, amma tunkiya tana tara shi a hanta har wata rana ya kashe ta. In garken a haɗe yake, ki nemi wanda aka rubuta na tumaki ne, ko ki yi haɗin gishiri da DCP da aka bayyana a sama. Ki yi amfani da gishiri mai aidin, yana kare 'ya'yan daga fitowa da maƙoƙo.

Inda ƙarinki zai fi biya shi ne mako shida na ƙarshen ciki da wata biyu na farkon shayarwa. Giram 200 zuwa 300 na dusa da ɗan kek a rana, da damƙin harawa, ya isa. Jar akuya mai yawan tagwaye ta fi kowa buƙata. Ruwan tsari da dusar surfe da kike ba su suna da amfani, amma ragowar tuwo ko hatsi mai yawa lokaci guda yana tsamar da tumbi har ya kashe.

Ragona na layya yana ta nishi, fitsari ba ya fita. Dusa ce?

Mai yiwuwa ƙwarai. Dusa tana da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, in ta zama ita ce abincin rago safe da yamma sai tsakuwa ta taru ta toshe mafitsara. Za ka ga yana miƙewa, yana harbin ciki, fitsari na ɗiga ko ya tsaya. Wannan na likita ne a ranar, ba na jira ba. Kariyarsa ita ce harawa ta zama rabin abincinsa, a sa giram 20 na garin farin dutse da masu abincin kaji ke sayarwa don kalsiyam a kowane kilo na dusa, da ɗan gishiri don ya sha ruwa sosai. Irin wannan rago ba a ƙara masa DCP.

Allurar bitamin ba za ta wadatar ba?

Ba za ta wadatar ba. Allura ba ta da furotin, ba ta cika tumbi. Inda take da wuri shi ne ƙarshen rani, in ajiyar bitamin A da ke hanta ta ƙare bayan watanni ba kore: dabba ta kama dundumi, tana karo da abubuwa da magariba, ido na hawaye. Ko nan ma damƙin ɗanyen ganye, na zogale ko na itatuwan da aka ambata, yana yin aikin.

Ina ba da ƙari amma ban ga canji ba. Ina matsalar take?

Ka ba shi mako uku zuwa huɗu, kuma ka tuna da rani dabbar da ba ta ƙara ramewa ba ta ci riba. In duk da haka tana zubewa, ka duba abin da ke cin abincin tare da ita: tsutsar ciki, ciwon hanta ga masu kiwo a fadama, sammore ga waɗanda suka gangara kudu, da kaska. Janye fatar ido ka gani. In ta yi fari fat, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, magani take nema kafin abinci. Buɗe baki ka duba haƙora.

Sannan ka duba kayan da kansa. Ɗebi dusa ka zuba a kofin ruwa ka motsa: yashi zai kwanta a ƙasa, ɓuntun shinkafa da aka niƙa aka cakuɗa zai taso sama, in ka murza a tafin hannu kuma za ka ji kaushinsa. Ɓuntu ba ya ƙara wa dabba komai sai nauyin buhu.

Akwai hanyar da zan rage dogaro da kasuwa?

Akwai, ga wanda yake da fili. A yankin Kachia, a shekarun 1980, an gwada killace hekta 4 a shuka wata ciyawa dangin wake da ake kira sitailo, a hana kiwo da damina, da rani kuma a riƙa shigar da masu ciki da masu tatsa sa'a biyu zuwa uku a rana. Wahalarsa shinge ne da gobara da tabbacin cewa filin zai zauna a hannunka. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, tana aiki a kan irin lablab da sauran ciyayin shuka, akwai kuma nau'in wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. A Nijar, cibiyar binciken noma ta INRAN ta fito da bulon da ake yi da niƙaƙƙen kara da dusa da 'ya'yan gawo da gishiri, ƙungiyoyin makiyaya kuma suna da bankunan abincin dabbobi da ke saye da kaka su sayar wa mambobi da bazara.

Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan yana da lauje. Kyasuwa da harkiya a yanke su a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, suna fara fitar da kai, a ranar da sama ta buɗe. A shanya kwana biyu zuwa uku ana juyawa, a ɗaure tun da sauran kore a jikinsu, a ɗora a kan katako ko duwatsu saboda gara, a rufe da zana ko leda ta sama a bar gefe iska na shiga.